Kada Ado Ya Binne Hoto: Faɗakarwa Ga Masu Tsara Kundin Hotuna a Waya da Kwamfuta

Albam ɗin nan mai bangon kwali, wanda ake miƙa wa baƙo ya riƙa buɗawa kafin a kawo masa ruwa, ya kusa ɓacewa daga gidajenmu. Hotunan yanzu a waya suke kwana, a waya suke tashi, ran da wayar ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya yi gaba da ita su ma sun tafi ke nan. Don haka abin a yaba ne yadda matasa, maza da mata, suke tsamo hotunan biki, na suna, na saukar karatu ko na kammala makaranta, su tsara su shafi-shafi a kwamfuta ko a waya, su yi musu kwalliya, wasu har su kai a buga musu littafi. Sai dai duk mai duba irin shafukan da ke yawo a WhatsApp da Facebook ya san inda gizo ke saƙa. Fure a kusurwa huɗu, ruwan zinare sama da ƙasa, taurari, zukata, malam-buɗe-littafi, ita kuwa amaryar da aka yi abin dominta sai an ƙura ido kafin a gano ta. Garin neman gira an rasa ido.

Alhali kuwa adon shafi yana da ƙa'ida, kuma waɗanda suka riga mu shiga harkar sun daɗe da tace ta. A Amurka abin ya fi ƙarfi. Tun a ƙarni na 19 mutanen can ke manna yankakkun jaridu da katuna a littafi, har marubucin nan Mark Twain ya yi rajistar wani kundi mai gam a jikin shafukansa a 1873, sai dai mutum ya jiƙa ya manna abinsa. Salon da ake yi a yau kuwa ana danganta farkonsa da wata mata mai suna Marielen Christensen, 'yar garin Spanish Fork a jihar Utah. A 1980 ta baje kundaye kimanin 50 na tarihin iyalinta a wani babban taro kan adana bayanai da aka yi a Salt Lake City, shekara ta zagayo ta buɗe shagon sayar da kayan aikin. Ba abin mamaki ba ne da abin ya tsiro a Utah, domin mabiya cocin Mormon da suka yi yawa a jihar mutane ne masu bin diddigin asali da salsala. Da takarda da almakashi da gam masu wannan salo suke aikinsu: a manna hoto, a raɓa masa furen yadi, kintinkiri, maɓalli ko guntun leshi, sannan a rubuta labarin ranar a gefe.

Daga baya kwamfuta ta shigo. Manhajar Photoshop ta fito a 1990, a 1994 aka ƙara mata dabarar ɗora hoto kan hoto falle-falle, abin da masu zane ke kira leya. A 1996 aka samu nau'in fayil na PNG, wanda ke barin bayan abu ya zama wayam, ana hango abin da ke ƙarƙashi. Da waɗannan biyun suka haɗu, sai almakashi da gam suka koma cikin na'ura. An kawo wannan tarihi ne saboda dalili ɗaya: shafin kwamfuta kwaikwayon shafin takarda yake yi. Duk abin da ka ɗora a kai, ido yana ɗaukarsa a matsayin abu na zahiri da aka ajiye kan tebur, mai kauri, mai nauyi, wanda haske ke dukansa ta gefe ɗaya. Kusan duk ƙa'idojin da za su biyo baya daga nan suka fito. Abin da ba zai yiwu a kan tebur ba, ido zai ƙi shi a kan allo, ko da mai kallon bai iya faɗin abin da ya dame shi ba.

Kafin a taɓa fure ko ɗaya, sai a daidaita girman shafi. Masu wannan aiki a Amurka sun saba da shafi mai inci 12 tsawo da 12 faɗi, da ɗigo 300 a kowane inci, wato fiksel 3600 kowane gefe. Kayan adon da ake sayarwa ma a kan wannan ma'auni ake ƙera su. Wanda zai buga a takardar A4, wadda ta fi samuwa a wurarenmu, fiksel 2480 da 3508 yake buƙata. Wanda ya fara aiki a ƙaramin shafi da nufin zai faɗaɗa daga baya ya yi asarar wahalarsa, domin hoto ana rage shi lafiya lau, amma in aka ja shi ya wuce girmansa na asali sai ya dushe ya farfashe. Haka kuma hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi an rage masa inganci. A roƙi mai hoton ya turo shi a matsayin fayil, ko a kwafo kai tsaye daga wayar da ta ɗauka. Sannan a duba kayan adon: in fure ya zo da farin akwati a bayansa, galibi JPEG ne, shi kuwa ba ya ɗaukar wayam. PNG ake nema.

Hoto ake fara ajiyewa, a kuma tanadi wurin rubutu. Sai an gama da waɗannan ado ke da ta cewa.

Shi kuwa ado a gungu ake sa shi. To, mene ne gungun ado? Tarin ƙananan kayan kwalliya ne da aka ɗora wani kan wani a wuri guda, har ido ya gan su a matsayin abu ɗaya. Bambancinsa da watsa ado ko'ina shi ne, abubuwa goma a warwatse suna kiran ido sau goma, amma goman nan in suka dunƙule sau ɗaya za su kira shi, kuma su miƙa shi ga hoton da ke kusa. Saboda haka gungu ba ya tsayawa a fili shi kaɗai. Dole ya jingina da wani abu, ko kusurwar hoto, ko bakin takardar da hoton ke kai, ko ƙarshen kanun shafi. Wurin da ya fi dacewa a jikin hoto shi ne inda babu abin kallo. Kowane hoton biki yana da irin wannan wuri: ƙafar kujerar roba, wayar janareta da ta ratsa ƙasa, ledar ruwa da wani ya yar, gwiwar hannun wanda bai shiga hoton ba. Nan ne mazaunin fure. Fuska kuwa ba a taɓa ta, haka lallen amarya, haka allon da mai sauka ya riƙe, haka takardar shaidar da ɗalibi ya ɗaga. Su aka zo gani.

Ginin gungu daga ƙasa yake farawa, kuma kauri ne ke raba wa kowa matsayinsa. Can ƙasa, manne da takardar shafi, akwai abubuwan da ba su da kauri ko kaɗan, irin fantsamar fenti da bugun hatimi. A kansu sai masu faɗi marasa tudu, guntun takarda mai zane, ɗan kati, leshi. Sai ganye da rassa. Sai kintinkiri ko zare. Sannan babban fure ya zauna, matsakaita su raɓe shi, a ƙarshe a yafa ƙanana, maɓalli ko 'yan duwatsu. Dalilin wannan jeri a bayyane yake in aka tuna da tebur. Ka ɗauki kati ka ɗora a kan fure mai tudu, ba zai kwanta ba, zai karkace. To, idan ka yi haka a kwamfuta katin zai kwanta sumul, kuma nan take ido zai gane ƙarya ce. Haka abin yake ga fil ko ƙugiyar riƙe takarda: in an sa su, to su kasance sun ciji wani abu. Fil a tsakiyar fili, ba ya riƙe da komai, shirme ne.

Babban sirrin aikin shi ne cusawa. Ba duka gungun ke zama a saman hoto ba. Wani sashe, kamar ganye da kati, a tura shi ƙarƙashin hoton ya leƙo ta gefe, wani sashen kuma ya hau kan kusurwar hoton. Da haka sai hoton ya zama an saƙa shi cikin shafin, maimakon a ga kamar an jefa masa ado daga nesa. Gindin kowane reshe a ɓoye shi a ƙarƙashin fure ko ƙarƙashin hoto, don ba abin da ke tona asirin sabon shiga kamar yankakken gindin ganye yana lilo a sarari. Rassan su riƙa fitowa daga tsakiyar gungun suna nufar waje, kamar daga tushe ɗaya suka tsiro. Sannan abubuwa biyu ko dai su hau juna sosai, ko su rabu sosai. Wannan ɗan shafar baki da baki, ba a haɗe ba ba a rabe ba, yana damun ido ƙwarai. A Photoshop ana ɗaga leya ko a sauke ta ta hanyar jan ta a jerin da ke gefe. Canva, wadda ta fito daga Ostireliya a 2013, da PicsArt da PixelLab da matasanmu suka fi riƙewa a waya, duk suna ba da damar tura abu gaba ko baya. Wanda ba shi da kuɗin Photoshop yana da GIMP kyauta, ko Photopea da ake buɗewa a intanet ba sai an sauke ba.

Kowane gungu yana son shugaba ɗaya. Furanni uku masu girma ɗaya a wuri ɗaya rigima ce, ido ba zai san wanda zai fara gaisarwa ba. A sa babba ɗaya, matsakaici ɗaya ko biyu, sauran ƙanana. Masu aikin suna yawan ba da shawarar a yi amfani da uku ko biyar maimakon biyu ko huɗu. A ganina wannan ba doka ba ce da za a tsaya ana ƙirga, amfaninta kawai shi ne tana hana mutum jera abubuwa biyu-biyu, dama da hagu, har shafi ya sandare. Abin da ya fi ƙirga muhimmanci shi ne girman kowane abu ya yi daidai da na maƙwabcinsa. Maɓallin riga bai kamata ya kai girman fure ba, ƙugiyar takarda kuma kada ta fi kan jaririn da ke cikin hoton. In za a maimaita fure ɗaya, a ɗan juya shi, a ɗan rage girmansa, don kada a gane tagwaye ne. Amma a yi hattara wajen juyawar. Yawancin waɗannan kaya hoton abu na gaske aka ɗauka, da haskensa a jikinsa, gefe ɗaya ya fi ɗaya haske. In ka kifa shi gaba ɗaya, sai haskensa ya koma fitowa daga ƙasa alhali na sauran daga sama yake.

Wannan ya kawo mu ga inuwa, inda mafi yawan shafuka ke faɗuwa. Wasu ba sa sa ta sam, sai komai ya kwanta fayau ba tudu ba kwari. Wasu kuma su zuba baƙa ƙirin iri ɗaya ga komai, sai ka ga takarda tana shawagi kamar ta yi taku guda sama da shafi. Inuwa ita ce ke gaya wa ido nisan abu daga abin da ke ƙarƙashinsa. Takarda da hoto a manne suke, inuwarsu siririya ce, gajera, mai ɗan kaifi. Kintinkiri ya ɗan ɗago, tasa ta fi tsawo. Babban fure ya fi kowa tashi, don haka tasa ce mafi nisa, mafi laushin baki, kuma mafi rashin duhu, domin inuwa tana yin nisa tana bajewa tana dusashewa. A shafi mai fiksel 3600, mutum zai iya fara gwadawa da nisan fiksel 10 zuwa 15 ga takarda, 40 zuwa 60 ga fure mai tudu, sannan ya ƙara ko ya rage har idonsa ya gamsu. Fenti, hatimi da rubutun da aka yi a jikin takarda ba su da inuwa ko kaɗan. Tawada ba ta tashi sama. Duk wanda ya sa wa rubutun labari inuwa ya wahalar da mai karatu a banza.

Rana ɗaya ce a sama, don haka duk inuwoyin shafi gefe ɗaya za su faɗi. Da yawa suna zaɓar haske ya fito daga sama ta hagu, wato digiri 120 a ma'aunin Photoshop, inuwa ta zuba ƙasa ta dama. Ba laifi a zaɓi wata kusurwar, laifin shi ne a sauya a tsakiyar aiki, ko shafin dama da na hagu a littafi ɗaya su saɓa. Launin inuwa ma kada ya zama baƙi tsantsa. Ruwan ƙasa mai duhu, da ƙarfin da bai wuce rabi ba, ya fi kama da abin da ake gani a zahiri. Ƙwararru suna wuce nan: su cire inuwar su mai da ita leya mai zaman kanta, su ɗan lanƙwasa ta yadda bakin kintinkiri ko kusurwar kati za ta yi kamar ta ɗago. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ba kowane abu ke buƙatarsa ba, amma a wuri ɗaya ko biyu yana sauya shafi gaba ɗaya. Akwai kuma tarkon da ya kamata a sani: wasu kayan adon suna zuwa da inuwarsu a jiki. In ka ƙara musu wata, sun zama masu inuwa biyu, in ka juya su, inuwar ta juya tare da su.

Gungu nawa ya kamata shafi ya ɗauka? Sau da yawa ɗaya ya isa. In za a ƙara, abin da aka fi yi shi ne uku, babba ɗaya da ƙanana biyu, a ajiye su yadda in ka ja layi tsakaninsu zai ba da siffa mai kusurwa uku da hoton a cikinta. Ido zai tashi daga babban, ya bi ta kan hoton zuwa na biyu, ya gangara na uku, ya dawo. Kusurwa huɗu kuwa, kowace da fure iri ɗaya, tana fitar da ido waje ne, ta bar tsakiya. Mu da muka tashi muna ganin babbar riga bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Dubi aikin aska: maɗinki ya tara ƙwarewarsa a wuya da ƙirji, wajen aljihu, ya bar sauran yadin fili, kuma wannan filin ne ke sa aikin ya fito. Da zai bi rigar nan tun daga wuya har ƙasa da zare, da ba mai ganin askar. Filin da ka bari a shafi ba ragowa ba ne da ake neman abin cikewa. A lura kuma da inda mutumin cikin hoton yake kallo. In yana kallon dama, a bar masa sarari ta daman, a ajiye babban gungun ta bayansa ko ta ƙasa.

Launi daga jikin hoto ake ɗaukarsa. In ankon bikin shuɗi ne da ruwan hoda, to ga launukan shafinka nan an riga an zaɓa maka, sai ka ƙara fari ko ruwan madara don hutun ido. Kusan kowace manhaja tana da abin tsotso launi daga hoto. Launi biyu ko uku sun wadatar, kuma duk launin da ya bayyana a gungu ɗaya ya kamata a ɗan gan shi a sauran, don su zama dangi. Ruwan zinare kuwa, wanda muke ƙauna, a yi masa kaɗan-kaɗan. A allon waya yana walƙiya, amma injin buga takarda na yau da kullum ba shi da tawadar zinare, abin da zai fito rawaya ce mai duhu-duhu.

Idan ka ga kamar ka gama, akwai gwaji mai sauƙi. Ka ƙanƙanta shafin ya koma kamar girman akwatin ashana, ka duba abin da idonka ya fara sauka a kai. In fure ne, ado ya yi yawa. Sai ka bi leyoyin ɗaya bayan ɗaya kana kashewa kana kunnawa. Duk wadda ka kashe ba ka ji rashinta ba, goge ta. Za ka yi mamakin yawan abin da zai tafi. Waɗanda suka rage a ɗaure su rukuni ɗaya, a Photoshop da Ctrl da G, a ba rukunin suna, yadda za a iya matsar da gungun gaba ɗaya ba tare da ya wargaje ba.

Akwai abin da ya fi duk wannan, kuma shi aka fi sakaci da shi: rubutu. Shekara talatin nan gaba, jikan da zai buɗe kundin nan ba zai tambayi wane irin fure aka sa ba. Zai tambaya, wace ce wannan ta gefen Hajiya? A wane gari aka yi? Wace shekara? Shafin da ya cika da ado amma babu suna, babu kwanan wata, babu wuri, bai adana tarihin komai ba. A rubuta cikakken suna, da alaƙa, da rana, in an so a haɗa da ta Hijira. A nan kuma muna da matsalar da masu ƙera kayan a ƙasashen waje ba su san da ita ba. Yawancin salon rubutu masu lanƙwasa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka rubuta suna ka ga akwati ya fito a tsakiya, ko harafin ya sauya kama shi kaɗai. Mafita ba ita ce a jefar da ƙugiyar harafin ba. A gwada salon da waɗannan haruffa tun kafin a zaɓe shi. Noto Sans da Andika da Charis duk suna da su, kuma kyauta ne. Mai sa rubutun Larabci ko ajami shi ma ya duba da kyau, domin wasu manhajojin in ba a saita su ba suna rarraba haruffan, su jero su daga hagu. In aya ce ko addu'a, a ba wanda ya sani ya duba kafin a buga, kada ganye ko fure ya hau kan ko harafi ɗaya, kuma a yi tunani sau biyu kafin a sa ta a abin da za a raba a wurin biki ya ƙare a ƙasa.

Game da kayan adon kansu, mafi yawan waɗanda ake samu a intanet an yi su ne don bukukuwan masu su da yanayin ƙasarsu, shi ya sa za ka ga ƙanƙara da kabewa da itacen Kirsimeti. Wani sai ya kwaso ya zuba a shafin hawan Sallah don kawai ya ga suna da kyau. Alhali kayan ado na kewaye da mu. Guntun atamfar ankon, bakin leshin amarya, zanen hular ango, saƙar faifai, katin gayyatar da aka raba, rubutun hannun kaka a bayan wani tsohon hoto, duk ana iya shimfiɗa su a farar takarda kusa da taga, a ɗauke su da waya, a cire bayan, a adana a PNG. Gungun da aka gina da atamfar da aka sa a ranar ya fi wanda aka gina da furen da mutum dubu suka sauke, domin shi kansa adon ya zama shaida.

Wanda kuma zai yi amfani da na saye, ya karanta sharaɗin mai kayan. Galibi izini iri biyu ne, na amfanin kai da na kasuwanci, kuma na biyun ya fi tsada. Mai tsara wa mutane shafi yana karɓar kuɗi, na kasuwanci ya shafe shi. Tura kayan da wani ya ƙera yana sayarwa zuwa zaurukan WhatsApp da Telegram, kowa ya ɗiba, cin haƙƙi ne ko da mai shi yana wata nahiya, kuma Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Manhajojin da aka fasa ake rabawa kyauta su ma ba abin yarda ba ne, sukan zo da abin da zai kwashe bayanan waya. Araha ba ta ado.

In za a kai bugu, a tuna injin yanka ba ya bin layi daidai wa daida. A bar rarar kimanin milimita 3 a kowane gefe, kuma kada a ajiye rubutu ko fuska dab da baki. In littafi ne, tsakiyar da aka ɗinke tana cinye wani abu, don haka gungun da aka ɗora a can rabinsa zai shige. Allo yana da haske a bayansa, takarda ba ta da shi, saboda haka bugu kan fito da ɗan duhu fiye da yadda aka gani. A buga shafi ɗaya na gwaji kafin a ba da umarnin sauran.

Magana ta ƙarshe ga masu ba da aiki ce, iyaye da ango da amarya da ke tura hotuna wajen mai zane. Hotunan iyalinku ne, akwai mata, akwai yara. Ku yi magana da shi tun farko cewa ba ku yarda ya sa su a shafinsa na talla ba sai da izininku, kuma ya goge su in an gama. Sannan kafin ku biya cikon kuɗi, ku karɓi fayil iri biyu: wanda aka haɗe don bugu da turawa, da kuma na asali mai leyoyinsa a rarrabe, PSD in Photoshop ne, PLP in PixelLab ne. Da na biyun ne kawai za a iya gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba, ko a matsar da furen da ya rufe fuskar wani. Ku ajiye su wuri biyu, ɗaya a filash, ɗaya a ma'ajiyar intanet, tare da hotunan asali waɗanda ba a taɓa ba.